Tabarmar Goggo: Mabuɗin gidan Madani yana bakin zanina

Wasiƙun wannan wata uku ne, kuma duk a kan abu ɗaya suka faɗo: gudun hijirar da yaƙin Sudan ya jawo. Daga Gadarif nake amsa su, a ɗakin haya, ni da na shekara 31 ina koyarwa a Wad Madani.

Daga Jidda, wani saurayi ya rubuto: Goggo, barka da war haka. A nan aka haife ni. Kawuna ya bar gidansa da shagonsa a Madani ya gudu da iyali, yanzu mu ke aika masa na cefane. Wani abokina ya ce raunin tawakkali ne, tunda ajali ba ya wuce lokacinsa. Maganar ta tsaya mini a rai. Me ke sa magidanci ya bar abin da ya tara shekara da shekaru?

Ɗana, ka gaida abokin naka, ka ce masa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yaƙi ya tashi a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, tsakanin sojan gwamnati ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun Da'amus Sari', wato RSF, na Hamidti. Mu a Madani a lokacin masu masauki ne. Gidana mai ɗaki uku ya ɗauki mutum 19, har da tsohuwar da ban taɓa gani ba, surukar ƙanwar maƙwabciyata. Ina dafa musu asida ina ba su haƙuri, a zuciyata kuwa ina cewa da ni ce da ban fito ba. Wata takwas Allah ya ba ni kafin ya nuna mini. A Disamba 2023 Madani ta faɗa hannun RSF.

Ƙarar bindiga ba ita ta fitar da ni ba, wannan nake so ka fahimta. Kunne yana sabawa da ita, har yara su riƙa gane wacce ke tafiya da wacce ke zuwa. Famfo ne ya fara ɗaukewa, sai wuta. Maigidana yana da ciwon suga, allurarsa sai a firji, ga firji ya zama akwati. Kantin magani ya rufe, kasuwa ta watse. Ranar da wasu masu bindiga suka shigo layinmu suka tafi da motar maƙwabci, suna tambayar ko akwai 'yan mata a gidajen, na dubi jikokina biyu, ɗaya 14 ɗaya 16, na ce a ɗauko jakunkuna. Na kulle ƙofa da kwaɗo biyu, kamar mai tafiya biki, na ƙulle mabuɗin a bakin zani. Kawunka ma ka tambaye shi, za ka ji ba tsoron mutuwarsa ya tashe shi ba. Akwai abin da namiji ba zai iya tsayawa ya kalla ba.

Maganar tawakkali kuwa, an riga abokinka. Da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, sai ya amsa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Kuma wa ya fi Sahabbai tawakkali, da suka haye teku zuwa Habasha wurin Najjashi?

Mu Hausawan Sudan ma ai bai kamata a yi mana wannan gori ba, don hijira ce ta haife mu. A 1903 Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi yana kan hanyar gabas da jama'arsa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar har bakin Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar, garin da ake kira da sunansa har yau. A can aka yanke mini cibiya. Wasu kakannin namu kuma aikin hajji ya fito da su a ƙafa, suka tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri, guzuri ya zama zama. Naku suka samu suka haye zuwa Makka. Bambancinmu da ku jirgin ruwa ɗaya ne.

Kada kuma ka ɗauka yaƙin manya ne kaɗai ke korar mutum. A farin 1984 zuwa 1985 na ga mutanen Kurdufan da Darfur sun yi sansani a gefen Omdurman, babu wanda ya harbe su, dabbobinsu ne suka mutu, rumbu ya ƙare. A Yulin 2022, tun ba a san za a yi wannan yaƙi ba, rikicin ƙasar noma da na neman sarauta ya ɓarke tsakanin Hausawa da maƙwabtansu a jihar Shuɗin Nilu, wajen Rusairis da Damazin, aka kashe fiye da mutum 100. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, ya fi na farko muni. Dubban 'yan'uwanmu suka watsu zuwa Sinnar da Farin Nilu, wasunsu ba su gama kafa bukka ba babban yaƙin ya same su. Ni sau biyu na gudu, don daga Madani Mai Wurno na nufa wurin yayana, da Sinja, babban birnin jihar Sinnar, ta faɗi a ƙarshen Yunin 2024 muka sake ɗaura kaya, cikin damina, a taɓon nan na baƙar ƙasa da ke cire wa mutum takalmi. Na san matar da ta gudu sau huɗu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga sama da mutum miliyan 12 da yaƙin nan ya raba da gidajensu. Duk raunin tawakkali ne?

Abu ɗaya zan roƙe ka. In za ka tura wa kawunka kuɗi, kada ka sa shi ya tambaya. Sa rana a wata, ka tura shiru. Mutumin da ya saba buɗe shago da asuba ya raba wa almajirai sadaka, buga waya ya ce "babu" ya fi masa yunwar ciwo.

Daga Kasala, wata baiwar Allah: Goggo, ina zaune a ajin makaranta da 'ya'yana huɗu da wasu iyalai biyar, labulen zani ne tsakaninmu. Na je neman taimako an ce ni naziha ce, ba laji'a ba. Takardunmu sun salwanta a hanya, da na je wani ofishi mai rubutun ya ji harshena ya ce in fara kawo shaidar ni 'yar ƙasa ce. Mene ne bambancin, kuma ina zan dosa?

'Yata, sannu. Ajin nan na san shi, na kwana a irinsa mako shida, kaina a ƙarƙashin allon da na ƙare rayuwata ina rubutu a kan ɗan'uwansa.

Hausa kalma ɗaya ta ba mu, ɗan gudun hijira, amma doka ta raba biyu. Laji'i shi ne wanda ya tsallake iyaka ya shiga wata ƙasa, kamar mutanen Janaina da suka haye Adire a Chadi, ko waɗanda suka bi Wadi Halfa zuwa Masar, ko suka gangara Rank a Sudan ta Kudu. Su kusan miliyan 4 ne. Yarjejeniyar Jeneba ta 1951 ta hana a mayar da irinsu inda za a halaka su, ta ƙasashen Afirka ta 1969 kuma ta faɗaɗa, ta haɗa har da wanda tashin hankali na gama-gari ya koro. Mutanen Iritiriya da ke sansanin Shagarab kusa da ke, da 'yan Tigirai da aka sauke a Um Rakuba nan Gadarif tun ƙarshen 2020, su ne laji'ai a ƙasarmu, su ne hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNHCR, ta fi sani da kati. Nazihi kuwa yana cikin ƙasarsa, nauyinsa a wuyan gwamnatinsa yake. To gwamnatin tana yaƙi. Shi ya sa kika ga kamar baƙo ya fi ɗan gida gata, alhali in kin leƙa sansaninsu za ki tarar su ma an rage musu abinci, kuma wasunsu a Khartum suke zaune yaƙinmu ya sake koro su. Kada ki bari a haɗa ki gaba da su.

Zancen harshe shi ya fi ɓata mini rai, don tsohon miki ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda kakanninsa na wajen uba suke Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ki lissafa: mutanen Mai Wurno bayan 1903 suka iso. Da wannan aka daɗe ana ce mana Fallata, ana ce mana baƙi, muna noma musu dawa da riɗi, muna gasa musu agashe suna lasar yatsa. Amma an canza. Dokar 1994 ta dawo da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956. In an haifi mahaifinki a ƙasar nan, ke 'yar ƙasa ce ta haihuwa, ko da Hausa kike mafarki. Mai rubutun nan ba shi ne doka ba.

Ga abin da na yi da namu suka jiƙe suka lalace. Na fara da 'yan sanda, na ba da rahoton ɓatan takardu, aka ba ni shaida a rubuce. Sannan na bi dangi ɗaya bayan ɗaya a waya ina tambayar wa ke da hoton raƙam wataninmu, wato lambarmu ta ɗan ƙasa, a WhatsApp, sai ga shi wurin ɗiyata da na taɓa tura wa don neman makaranta. Lambar nan in ta samu, rabin aiki ya ƙare. Ranar komawa ofis kada ki je ke kaɗai. Ki nemi namiji daga dangin mahaifinki mai takarda a hannu, baffa ko ɗan baffa, ki haɗa da dattijon unguwar Hausawa, Kasala ba ta rasa su ba. Na yaran ki fi matsawa a kai, musamman in akwai wanda aka haifa a hanya, don yaron da ba a rubuta ba yau shi za a tsare a shingen bincike bayan shekara 15.

Sai ruwa. Lokacin da aka bayyana ɓarkewar kwalara a Agustan 2024, Kasala da Gadarif suna cikin inda ta fi ɓarna, kuma a irin cunkoson da kike ta fi son zama. Ki tafasa na sha ko da gawayin zai rage na girki. Yaro ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa, ki ɗauke shi a daren, kada ki jira gari ya waye. Kuma ki fara tambayar inda za a mayar da ku tun yanzu, don makarantu ana buɗe su, masu aji za su zo neman ajinsu. Ni malama ce, ina son a buɗe, amma na ga yadda ake zuwa da mota a ce a kwashe kaya kafin la'asar.

Daga Riyad, wani magidanci: Goggo, tunda soja sun karɓe Madani a Janairun 2025, mahaifiyata ta matsa sai ta koma. Ni kuma so nake in kawo ta nan. Wanne ya fi?

Ɗana, Saudiyya ba ta cikin yarjejeniyar 1951, don haka Hajiya ba za ta zauna a matsayin laji'a ba. Bizar ziyara ce ko igama, kuma ka san kuɗin sabuntawa da fargabar ranar da ta ƙare. In aljihunka zai ɗauka, kuma ita ta yarda, to. Amma tsohuwar da ta saba da tsakar gida da maƙwabta, ka rufe ta a bene na huɗu kana fita aiki tun safe, ka yi tunani.

In komawar ce, kada ta riga kowa. Namiji ya fara zuwa ya duba ko akwai ƙofa da taga, ko famfo na kawowa, ko asibitin kusa na aiki. Duk wani ƙarfe da bai gane ba a tsakar gida ko kan rufi, kada ya taɓa, kada a bar yara su ɗauka, harsasan da ba su fashe ba suna nan birjik. Maganinta na wata uku a saya tun daga inda take. Kuɗi ka tura ta manhajar banki ta Bankak, ka ware wani abu ga takiyyar unguwarsu, wato wurin dafa abincin sadaka, don tukunyar adas ɗin nan ta matasan unguwa ita ta riƙe waɗanda ba su iya fita ba, kuma ita za ta ciyar da Hajiya makon farko.

Ɗana na biyu ya je ya dubo namu. Ya ce kwaɗon biyu suna nan a kulle yadda na bar su, ƙofar ce aka cire gaba ɗaya aka jingine a bango. Itacen lemun tsamin bai mutu ba. Bayan kaka nake sa ran tafiya, in kafinta ya gama.