Me Ya Sa Fatalwar Fim Take Hana Ni Barci?

Tambaya: Malam, na san fim shiri ne kawai, amma duk daren da na kalli na fatalwa ba na iya runtsawa sai da fitila a kunne. Me ke jawo haka? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Malama, a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, wanda aikinsa hango haɗari, kuma yakan riga tunani motsawa. Da zarar ƙofa ta yi ƙara cikin duhu, sai ya sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, gaba ya faɗi, tsikar jiki ta tashi, tun kafin hankali ya tuna cewa wasa ake yi.

A ganina, abin da ya fi razana mu shi ne fatalwa tana da siffar mutum, amma ƙofa da kwaɗo ba sa tsare ta. A finafinan Japan takan fito da farar rigar da ake suturta mamaci da ita, gashi ya rufe mata fuska, kuma duk wanda ya taɓa ganin likkafani ya san nauyin wannan farin. Ki daina kallonsu dab da kwanciya, kuma don Allah kada ki bari yara su zauna kusa.