Takarda ba ta jin tsaki

Jiya ka tambaye ni me ya sa muke ɓata dare muna kallon bidiyon mata da miji suna gardama, alhali ga takardar tambayoyi da mutum zai cike kafin shayinsa ya huce. To ɗana, jawo kujera.

Takardar da kake nufi ta Kenneth Thomas da Ralph Kilmann ce, ta 1974. Tambayoyi 30, kowace da jimla biyu, mutum ya ɗauki wadda ta fi kama da halinsa. Daga nan a ga inda ya fi karkata cikin halaye biyar: mai cewa sai tasa ta yi, mai son a zauna a warware tare, mai cewa kowa ya sassauta, mai zillewa, da mai haƙura ya bar wa ɗan'uwansa. Sun yi dabara, sun yi ƙoƙari jimlolin biyu su zama ba wadda ta fi wata daɗin ji, don sun san ɗan Adam zai zaɓi abin da zai wanke shi. Ni ma har gobe ina amfani da ita. Sai dai abin da take aunawa shi ne yadda mutum yake kallon kansa. Wa ka taɓa gani ya rubuta da hannunsa cewa yana raina matarsa?

Shi ya sa John Gottman da Robert Levenson a Amurka suka ɓullo ta wata hanya. A zaunar da ma'aurata, a ba su minti 15 su tattauna abin da ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya, kyamara na ɗauka, na'ura na auna bugun zuciya da gumin hannu. Sai masu tantancewa su bi hoton daki-daki: nan sukar abokin zama ce, nan kare kai, nan raini, nan an rufe ƙofar magana. Gottman ya ce a cikin huɗun nan raini ne ya fi nuna auren da zai mutu. Taɓe baki sau ɗaya, kafin ƙiftawar ido ya wuce, kuma mai shi bai ma san ya yi ba.

A nan aikinka yake. Kai da abokin aikinka kowa ya kalla shi kaɗai, ban da shawara, sannan a gwada makinku da ma'aunin kappa na Jacob Cohen, wanda yake cire dacewar da ta zo bisa sa'a.

Kuma ka kula da shiru. Farkon shigata aikin nan, wata baiwar Allah ta sunkuyar da kai tsawon minti biyu mijinta na magana, na rubuta ta rufe ƙofa, kamar yadda littafin tantancewa na Turawa ya ce. Abokiyar aikina ta ce a mayar da hoton baya. Ashe kawaici ne, ga shi tana gyaɗa kai a hankali, yana gamawa ta amsa masa tiryan-tiryan. Gobe ka fara da bidiyo na uku, akwai irin wannan shirun a minti na tara. Ka rubuta abin da ka gani kafin ka tambaye ni.