Timfani ba tambari ba ne

Ka ce ka gani a waya, wasu Turawa cikin baƙaƙen kwat suna kiɗa, can baya wani ya zagaye kansa da manyan ganguna kamar tukwanen jan ƙarfe, an rubuta timfani, kana tambaya ko tambarinsu ke nan. Ku yaran yanzu waya ce maigidanku, sai ta gama da ku sannan ku tuna da mu.

To saurara. Kalmar ta Italiya ce, kuma jam'i ce: guda ɗaya timfano, saboda ba a cika kaɗa ta ita kaɗai ba, yawanci huɗu ake jerawa, babbar inci 32, ƙaramar 23. Wajen Larabawa da Turkawa Turawa suka gano ta, suna ɗora ta a kan doki tare da masu busa, kafin su shigar da ita ɗaki. A ƙira kam ta yi kama da tambari, baki ɗaya, gindi a rufe. Iyakar kamar ke nan. Tambari na sarki ne, ba ya fita sai naɗi ko salla ko wani babban al'amari, kuma akwai Sarkin Tambura. Timfani kuwa ko ɗan makaranta yana dukanta, kuma tana da feda da ake takawa a sauya mata murya ana cikin kiɗa. Kada in ji ka kira ta tambari a gaban mutanen fada.

Ni wannan gangar ta ci mini kuɗi. Ina da ƙarfina, wani shugaban 'yan badujala ya kawo min guda a bayan akori-kura, fatar ta yage. Na dube ta na ce ai tambari ne ya sa rigar ƙarfe. Na sayo fatar bijimi mai kauri, na ɗaura. Aka doka, ta ce bif, kamar an daki buhun gero. Ashe fatar ɗan maraƙi take so, wadda aka kankare har kana ganin inuwar hannunka ta ciki. Sannan na ga wata 'yar huda a gindinta, na ɗauka ɓulewa ta yi, na kai wa maƙeri ya liƙe, da kuɗina. Ashe nan take shan iska! Na sake biya aka huda. Notunan bakin kuma na bi su a jere, zoben ya karkace, sai da na gane ɗaya nan ɗaya can ake ɗaure su, suna kallon juna. Yadda ake jiƙa fata ba sai na faɗa maka ba, in ba ka sani ba yanzu ka koma gona.

Fata uku, wata guda cur. Ranar da ta yi murya har maƙwabta suka leƙo. Mutumin ya zo, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya yatsina fuska, wai na ɓata masa kaya, wai na roba zai yi oda daga waje. Ko sisi bai ba ni ba, ya ɗauke abarsa.

Bayan shekara na gan shi a talabijin yana dukanta, har da lumshe ido. Fatata ce a kai. Na gane ta da wani baƙin tabo a gefen hagu.