Amsa ga mai tambaya kan man ƙananan jiragen sama

Malam ka tambaya wai ina ƙananan jirage irin su Embraer 145 da CRJ suke ajiye mai, kuma in famfo ya mutu a sama injin ba zai tsaya ba? To ni dai na daɗe ina gyaransu, bari in gaya maka abin da hannuna ya taɓa.

Fuffuken nan da kake hangowa ta taga ai shi ne tankin, cikinsa aka liƙe da danƙo ake zuba man kai tsaye. CRJ yana da ƙarin tanki a tsakiya, amma shi turawa yake cikin fuffuke, ba ya ba injin da kansa. Man kuwa kananzir ne, Jet A-1, sai sanyi ya kai digiri 47 ƙasa da sifiri a ma'aunin Celsius yake fara daskarewa.

Maganar famfo, nan ne abin ya ɗaure min kai lokacin ina koyo, don a CRJ babban famfon da ke cikin tankin ko wayar lantarki babu a jikinsa, babu abin da ke juyawa. Ijekta muke ce masa. Injin ne ke dawo da wani kaso na man da ƙarfin gaske ta wani siririn baki, gudun nan sai ya zuƙo man da ke kwance a ɗan akwatin tara mai da ke cikin tankin su tafi tare, wato mai ne ke jan ɗan'uwansa, to me zai lalace a ciki? Famfon lantarki yana nan a gefe, da shi ake tayar da injin, in matsi ya faɗi kuma da kansa yake kunnuwa. A Embraer akwai bawul da direba zai buɗe fuffuke ɗaya ya shayar da injina biyun, da shi ma ake daidaita nauyi in gefe guda ya rinjaya.

Ni wallahi ruwa ya fi ba ni tsoro. Ƙasan tanki yake kwanciya, a sama ya zama ƙanƙara ya toshe filta, shi ya sa ake ɗumama man da zafin baƙin man injin kafin ya isa filtar. Akwai wata asuba da na tatsi ƙasan fuffuke, sai da na zubar da kwalba uku kafin ruwan ya yanke kananzir zalla ya fito, ga direbobi a tsaye suna ta duba agogo.