Tambaya da Amsa: Me ya sa fuska ke sheƙi amma gashi na da kaushi?

Tambaya: Salam Malam. Ina yawan kallon hotunan mutum-mutumin Romawa na dutsen mabul a intanet, sai na lura fuskar tana sheƙi sumul amma gashi da gemu duk ramuka ne da kaushi, wani ma gefensa kamar ba a taɓa ba. Wai gajiya suka yi ne suka bar aikin a haka? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa. A'a ba gajiya ba ce, yawanci da gangan ne. Dutsen kala ɗaya gare shi, toh ta yaya masassaƙi zai nuna miki wannan fata ce, wancan gashi, wancan kuma yadi? Da haske da inuwa. Inda ya bi da magagari sannan ya goge har ya yi santsi haske ke kwanciya a kai, kuma mabul yana ɗan shan haske kafin ya maido shi, shi ya sa kumatu ke zama kamar na mai rai. Inda ya huda da zurfi kuma inuwa ke taruwa, daga nesa sai idonki ya ce miki ai baƙin gashi ne alhali dutsen fari ne fat.

Ki nemi na sarki Commodus da ke gidan tarihi na Capitoline a Roma, wanda aka yi wajen shekarar 190, yana yafe da fatar zaki. Fuskar an goge ta kamar tangaran, gemu da sumar kai kuwa an hurhuda su har sun yi duhu, bambancin nan shi ne gwanintar. Wannan ma yana taimakawa wajen gane zamanin aiki, domin kafin sarki Hadrian wanda ya yi mulki daga 117 zuwa 138 akasari ana barin ƙwayar ido fayau ne a zana ta da fenti, a zamaninsa sassaƙa ta ya fara yaɗuwa. Eh fenti fa, da yawansu da kala suke, zamani ne ya wanke ta.

A ayyukan Romawa na kafin zamanin sarakuna irin su Hadrian kuma, an bar wa dattawa tamojinsu da zurmawar kumatu, don a wajensu tsufa daraja ce ba abin ɓoyewa ba.

Amma ba kullum ba ne da gangan. Mutum-mutumin Brutus na Michelangelo, masassaƙin Italiya na shekarun 1500, da ke gidan tarihi na Bargello a birnin Florence ba a kammala shi ba, kina iya ganin sawun cizal mai haƙora layi-layi a fuskar, gashin ma ba a fitar da shi ba, ni dai a ganina hakan ya ƙara masa kwarjini, wasu ba za su yarda ba. Bayan mutum-mutumi kuma sau da yawa akan bar shi da kaushi saboda jikin bango za a jingina shi, wa zai leƙa?

Abu ɗaya da zan ja hankalinki, kar ki yarda da kowane sheƙi. Masu gyara na shekarun 1700 sun sake goge tsofaffin ayyuka da dama don su burge masu saye, har da dasa sabon hanci. In kin ga hanci ya fi sauran fuskar haske da ɗan siririn layi a gindinsa, toh wataƙila ba na asali ba ne. Ki riƙa neman hoton da haske ya bugo daga gefe, nan sawun kayan aiki ke fitowa.