Likita ya ce a leƙa cikin mahaifata da na'ura, shin tiyata ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Daga Argungu nake. Na yi ɓari sau biyu, duka an yi mini wankin ciki. Tun na biyun jinin al'adata ya ragu, kwana ɗaya sai ya ɗauke, ga shi shekara 2 shiru babu ciki. Sikanin bai nuna komai ba. Yanzu likitan mata a Birnin Kebbi ya ce a yi mini histaroskopi, maigida kuma yana tsoron yanka ne. Mene ne amfaninsa?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ki kwantar wa maigida da hankali, ba a tsaga ciki. Wani siririn bututu ne mai fitila da kyamara, kaurinsa milimita 3 zuwa 5, ana shigar da shi ta gaba, ya bi ta bakin mahaifa. Sai a zuba ruwan gishiri na asibiti ya buɗa mahaifar, likita ya ga cikinta ƙarara a allo. Dubawa kaɗai ba ta cika wuce minti 30 ba, yawanci ranar za ki koma gida.

Bayaninki ya sa na fi zargin mannewar bangon mahaifa. Wankin ciki, musamman in an maimaita, kan bar tabo, bango ya liƙe da bango. Jini ya ragu, ciki kuma ya rasa inda zai zauna. Irin wannan tabon kuwa sau da yawa yakan ɓuya wa sikanin. Gani ya kori ji, shi ya sa na goyi bayan likitanki. Daɗin abin, in an ga mannewar ana iya raba ta da ɗan ƙaramin almakashi ta cikin bututun, sai dai wannan kan buƙaci allurar kashe zafi ko ta barci.

Da shi kuma ake cire tsiro, da ƙarin da ya turo zuwa cikin mahaifa, da robar tazarar haihuwa da ta maƙale a mahaifar. Haka iyayenmu da jini ya dawo musu bayan ɗaukewar al'ada, ana gutsuro ɗan nama a gwada.

Ba ya nuna ko bututun ƙwai a toshe yake, wannan gwajin daban ne. Maigida ma, don Allah, a gwada maniyyinsa.

Kwanakin farko bayan kin yi tsarki sun fi dacewa. Ba a yi da juna biyu ko ana fama da ciwon sanyi. Ciwon mara da ɗigon jini na 'yan kwanaki ba komai ba ne, amma zazzaɓi, ruwa mai wari ko jini mai yawa, ki koma asibiti a take.