Ku Tambayi Anti: Muryar da ba ta da takarda, wa ke ajiye ta?

Tambaya:

Anti, barka da aiki. Ina karatun adana kayan tarihi a Landan. Malamarmu ta ba mu aiki kan mawaƙan da ke gwaje-gwaje da murya, musamman mata masu fafutukar 'yancin mata da masu neman jinsinsu, da yadda jama'arsu ke adana ayyukansu. Na saurari biyu-uku, wallahi ba baiti ba amshi, sai nishi da ƙara da shessheƙa. Wannan ma waƙa ce? Kuma ina manyan ɗakunan karatu suke da har sai jama'a ne za su adana?

Ƙanwarki, daga Landan

Amsa:

Ƙanwata, ta farkon ba za ta ci mana lokaci ba. In mai guɗa ta toshe hanci ta rangaɗa ranar kai amarya, baiti nawa kika ji a ciki? Amma duk unguwa ta san abin da ta ce. To su ma hakan ne, sai dai sun mai da shi sana'a. Ba dole ya yi miki daɗi ba, ni ma wasu ba na iya kai su ƙarshe.

Ta biyun ce mai nauyi. Babban ɗakin karatu galibi abin da aka buga yake tarawa: littafi, faifan da kamfani ya fitar, waƙar da aka rubuta da alamomin kiɗa. Wadda ta hau dandali ta ƙirƙiro sautinta nan take ba ta bar ko ɗaya ba. A 1977 Maggie Nicols da Lindsay Cooper suka kafa wata ƙungiya ta mata zalla a nan Landan inda kike, Feminist Improvising Group, don sun ga maza sun cika fagen. Sun yi shekaru suna zagaya Turai. Abin da suka fitar da sunan ƙungiyar kaset ɗaya ne tak, a 1979. Sauran yana cikin kwalaye a ƙarƙashin gadon waɗanda suka je kallo da 'yar rakoda a jaka.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai na Julius Eastman ne. Baƙar fata ne ɗan Amurka, an haife shi a 1940, mai tsara kiɗa kuma mai murya ta ban mamaki, bai taɓa ɓoye cewa maza yake nema ba. Da abubuwa suka cakuɗe masa aka kore shi daga gidan haya a New York, kayansa suka salwanta har da takardun kiɗansa, ya koma kwana a filin shaƙatawa na Tompkins Square. Ya rasu a wani asibiti a Buffalo a 1990, yana da shekara 49. Sai da aka yi wata takwas kafin wata jarida ta buga labarin mutuwarsa. Wadda ta ceto aikinsa wata mai tsara kiɗa ce, Mary Jane Leach, da ta yi shekaru tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya: wa ke da kaset, wa ya ajiye kwafin takarda? A 2005 aka fitar da faifai uku na ayyukansa. Ba hukuma ce ta sa ta ba.

Wasu kuwa ba su jira a watsar musu da kaya ba. A 1974 wasu mata masu neman mata suka kafa rumbun adana tarihinsu, Lesbian Herstory Archives, aka fara jibge kayan a gidan Joan Nestle a Manhattan, sai 1993 suka buɗe nasu ginin a Brooklyn. 'Yan sa-kai ke tafiyar da shi, kuma ba a tambayarki takardar jami'a kafin ki shiga. Dalilinsu a fili yake: wanda ba ya ganinki da gashi, ba kya ba shi ajiya.

Sai dai kada ki rubuta wa malamarki yabo zalla. Irin wannan rumbu kuɗinsa kaɗan ne, masu kula da shi suna tsufa, kaset kuma ba ya jira. Ga batun izini: matar da ta yi waƙa gaban mutum talatin a 1978 ba lallai ta yarda a sa sunanta da muryarta a intanet ba, musamman in akwai abin da danginta ba su sani ba.

Na taɓa aiki a ɗakin faya-fayai na wani gidan rediyo. Wata rana na ciro wani kaset, zarensa ya yi fari-fari da fumfuna, na juya shi da biro a hankali na saka. Mata ne ke kiɗan ƙwarya, wata tsohuwa na jan baki da muryar da har yau ban ji irinta ba. Minti shida sai jawabin wani babba ya hau kai, an rasa sabon kaset an naɗa a kan nata. A bayan kwalin an rubuta sunansa da ranar jawabin. Ita ko garinsu ba a sa ba. Shi ya sa nake ce miki ki fi mai da hankali kan abin da ke rubuce a jikin kwali: wace ce, a ina, yaushe, wa ya riƙe rakoda.

Kuma ga abu a ƙofarki. Her Noise, wani shiri kan ayyukan mata a fagen kiɗa da sauti, wanda Lina Džuverović da Anne Hilde Neset suka shirya baje kolinsa a South London Gallery a 2005, kayansa suna London College of Communication, a unguwar Elephant and Castle. Ki lura, wannan ma daga baya jami'a aka miƙa wa, ki tambaye su me ya sa. Ki nemi izinin zuwa tun da wuri, ki tafi da fensir, don irin waɗannan wurare ba a barin biro kusa da takardu.